Yadda ake shirya lambu a ƙarshen hunturu kafin zafin bazara ya kankama

Idan hazo ya fara sakin gari, ruwan randa ya daina cizon hannu da asuba, to hunturu ya kama hanyar tafiya. A ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi hakan na faruwa ne daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. A Janairu sanyin dare kan sauko wajen digiri 13 ko 14, amma kafin Afrilu ya yi nisa zafin rana ya taɓa 40, wani lokaci ya wuce. Tsakanin waɗannan biyun akwai mako huɗu zuwa shida, kuma a cikinsu ne lambu ke samun tsira ko ya ƙone.

Yawancin asarar da ake tafkawa a Maris da Afrilu tushenta ɗaya ne: mai lambu ya ci gaba da aiki kamar sanyin zai dawwama. Ya dasa sabon tumatir a Fabrairu, ya buɗe fangali talatin alhali rijiyarsa ba za ta ɗauki goma ba, ya bar ƙasa tsirara rana tana gasa ta. Aikin wannan lokaci shi ne a rufe lissafin hunturu, sannan a sake tsara lambun gwargwadon ruwan da za a samu a Afrilu.

Mataki na farko: auna ruwa kafin a taɓa fartanya

A ɗaure dutse a igiya a zura cikin rijiya da sassafe, kafin kowa ya ja guga. A auna zurfin ruwan daga ƙasan rijiya zuwa inda igiyar ta jiƙe, a rubuta. A maimaita kowace Juma'a har sau uku. In ruwan na sauka taƙi guda a mako, wato kamar santimita 20, kuma abin da ke ciki mita ɗaya da rabi ne, to mako bakwai da 'yan kwanaki ya rage. Kuma saukar kan ƙara sauri idan zafi ya shigo, saboda maƙwabta ma kowa ya ƙara ja.

Sai a lissafa bukata. A hunturu murabba'in mita ɗaya na ganye yana shan kamar lita 5 a rana. A Afrilu yana neman lita 8, a ƙasa mai yashi ma fiye. Ke nan fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku, wanda lita 15 ke isar sa yanzu, zai koma cin jarka guda mai lita 25 kullum. Fangali ashirin lita 500 ke nan, duro biyu da rabi kowace rana ta Allah. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya rage fangalin tun yanzu. Goma da suka ƙoshi sun fi talatin da ake yi wa yayyafi.

Yanzu ne kuma lokacin yashe rijiya, tun ba a shiga matsi ba. Kada a kuskura a tada injin fetur a cikin rijiya ko a bakinta alhali mutum na ciki, hayaƙin na taruwa a ƙasa ya kashe mutum ba tare da ya ji wari mai tayar da hankali ba. Masu injin ban ruwa a fadama su tuna cewa injin da ke zaune a doron ƙasa ba ya iya zuƙo ruwan da ya yi nisan da ya wuce mita bakwai ko makamancin haka. Shi ya sa ake haƙa rami kusa da bututun a sauke injin ƙasa da mita ɗaya ko biyu. A juye baƙin mai, a wanke matatar iska domin ƙurar hunturu ta toshe ta, a duba tiyon zuƙo ruwa. Ɗan tsagi kamar bakin allura ya isa ya sa injin ya riƙa shan iska yana ƙugi ba ruwa.

Mataki na biyu: rufe lissafin shukar sanyi

A zaga lambu a raba abin da ke ciki kashi biyu, wanda ya cancanci a ci gaba da ba shi ruwa da wanda lokacinsa ya wuce.

Tumatir da ya riga ya ɗauki 'ya'ya a lallaɓa shi ya ƙarasa. A daina sa masa yuriya, ganye kawai za ta ƙara. A daidaita ban ruwa, domin yau ƙishi gobe ambaliya shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, ko fatar ta tsage. Kada a zage ganyen da ke yi wa 'ya'yan inuwa, rana za ta ƙona gefensu ya yi fari kamar an zuba tafasasshen ruwa. Amma sabon dashe a ƙarshen Fabrairu caca ne. Idan zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare ya daina sanyi, furen tumatir yana bushewa ya zube ba tare da ya ƙulla ba. Itacen zai yi kore shar, a yi ta ɗura masa ruwa da taki, a tashi da ɗan abin da bai cika kwando ba. Abin da ke sa tumatir ya yi arha a kasuwannin Kura da Garun Malam a Fabrairu, ya kuma yi tsadar tsiya a Mayu da Yuni ke nan.

Latas da ya fara miƙewa yana fitar da karan fure ya riga ya yi ɗaci, a tuge. Kabejin da ya ɗaure kai a sare shi kafin ya fashe. Karas kuma in ya daɗe cikin ƙasa mai zafi yakan yi tauri a tsakiya, a haƙe a sayar ko a ci.

Albasa ita ce ke bukatar natsuwa, don kuɗinta yana cikin ajiya. Manoman Galmi a jihar Tawa da na Aliero a Kebbi sun san cewa albasar da za ta kai damina a rumbu tun a gona ake gyara ta. Da zarar ta fara kai, ba sauran yuriya, domin takin ƙarshe na sa wuyanta ya yi kauri ya ƙi bushewa, ta nan ruɓa ke shiga. Idan kamar rabin ganyen fangali ya kwanta da kansa, a yanke ruwa kwana goma zuwa sha huɗu. A tuge da safe, a jera ta yadda ganyen wannan layi zai rufe kan na gabansa, ta sha iska kwana biyu ko uku, sannan a kai ta inuwa mai iska ta yi kamar mako biyu. Sai wuya ya bushe ƙarau ake yanke ganyen, a bar kamar gaɓar yatsa guda a sama. Wadda ta ji ciwo da mai kaurin wuya da wadda ta yi fure a fara cinye su. Sauran a shimfiɗa a rudu ko kan gado na kara da ya tashi daga ƙasa, kada tsibin ya wuce tsayin kamu ɗaya, a riƙa juyawa ana tsame ruɓaɓɓu duk mako biyu. Albasa ɗaya da ta ruɓe tana jan na kusa da ita.

Mataki na uku: shara, da duba saiwa

Tsohon itacen tumatir da aka bari a tsaye "ko zai ƙara ɗan wani abu" gidan ƙwari ne. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, tana rayuwa ne cikin ganye da 'ya'yan da suka zube da saman ƙasa. Cikin zafi, wata guda ya ishe ta daga ƙwai zuwa sabon malam-buɗe-littafi mai sake yin ƙwai. Don haka a tuge da saiwa, a tsince ruɓaɓɓun 'ya'ya, a ƙone, ko a cusa cikin baƙar leda a ɗaure baki a bar ta a rana mako biyu. Wannan kam ba ya shiga ramin taki.

Kafin a jefar da kowane itace a karkaɗe ƙasar saiwar a duba. Lafiyayyar saiwa fara ce, sirara, mai gashi. In aka ga ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, kumburin kuma ba ya ɓantarewa in an murza, to akwai ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani. (Ƙullin da ke saiwar wake da gyaɗa daban ne, shi yana ɓantarewa da farce, cikinsa ja-ja, kuma alheri ne.) A kafa tsinke a wannan fangali a sa masa alama. Kada a bi shi da kuɓewa ko gauta ko tattasai ko kankana, duk abincin tsutsar ne. A sa masara ko dawa ko gero, albasa ta biyo baya in sanyi ya dawo. Ko babu ƙulli, tumatir da attaruhu da tattasai da gauta da dankalin Turawa 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kada ɗaya ya gaji ɗaya a wuri guda.

Fangalin da cuta ta yi wa katutu, zafin bazara kansa zai iya zama maganinsa. A kafce, a farfasa hoge, a cire duwatsu da tsinke, a daidaita. A jiƙa ƙasar sosai har ruwa ya ratsa zurfin taƙi ɗaya da rabi. A shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, ta kwanta jikin ƙasa, a binne gefunanta duka huɗu da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba. A bar ta mako huɗu zuwa shida a Maris da Afrilu. Tururin da ke taruwa ƙarƙashi yana dafa saman ƙasar, ya rage tsutsa da cutar ruɓa da irin ciyawa. Abubuwa uku ke ɓata aikin: busasshiyar ƙasa, leda mai huji, da baƙar leda, wadda ita ke ɗaukar zafin ta hana shi ratsawa. Bayan an yaye, kada a sake kafta mai zurfi, za a juyo da ƙasar da zafin bai kai gare ta ba. Jiji kam, mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, leda ba ta gamawa da shi, sai an bi da hannu an tono.

Mataki na huɗu: gyaran ƙasa da taki

Wata uku na ban ruwa yakan bar farin ɓawo a gefen fangali, kamar an barbaɗa kanwa. Gishiri ne da ruwa ya bari bayan rana ta shanye shi. Yana ƙona bakin ganye, yana hana iri tsira. A kankare ɓawon da fartanya a zubar a waje, sannan a cika fangalin da ruwa sau biyu ko uku a jere domin ya tura sauran ƙasa da inda saiwa take. Wurin da ya nuna irin wannan kada a ƙara masa toka.

A kafce zurfin taƙi guda zuwa ɗaya da rabi. A zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi kilo biyu zuwa uku a kowane murabba'in mita, wato kusan bokiti biyu a fangali mai mita uku. Kashin kaji ya fi ƙarfi, rabin haka ya isa. A cakuɗa, a ba ruwa, a jira mako guda kafin shuka. Ɗanyen taki cikin zafi wuta ne: yana ƙona tsiro, yana jawo gara da gwazarma, yana kuma zuwa da irin ciyawar da dabbar ta ci. Ruɓaɓɓe shi ne wanda ya yi baƙi, ya yi sanyi a hannu, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Mai son ƙarawa da takin zamani ya sa kamfa mai lamba 15-15-15 kamar cikin akwatin ashana biyu a murabba'in mita, ya binne. Yuriya sai tsiro ya yi mako biyu, cikin akwatin ashana ɗaya a fangali ya narke a butar ban ruwa, da yamma, a bi da ruwa zalla a wanke ganyen. Yuriyar da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa da rana iska ce ke kwashe amfaninta.

Takin damina kuma yanzu ake haɗa shi. A haƙa rami a inuwa, faɗi da tsawo mita ɗaya da rabi, zurfi kamu ɗaya. A fara da yankakken kara a ƙasa, sai busasshen ganye ko tattaka kauri taƙi guda, sai ɗanyen ganye kamar ɓawon kabeji da ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba rabin taƙi, sai kashin awaki ko na shanu kauri yatsa uku, a yayyafa ƙasa da 'yar toka kaɗan, a jiƙa. Haka za a yi ta jerawa har ya tashi sama da bakin ramin. A soka sanda a tsakiya, a rufe da tsohuwar tabarma ko buhu. Bayan kwana uku a zare sandar a taɓa: in da ɗumi da laima, aiki na tafiya. In ta fito a bushe da farin gari a jiki, ruwa ya yi kaɗan. In tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshe. A juya duk mako biyu. Wanda aka haɗa a ƙarshen Fabrairu zai nuna cikin Mayu. In za a tono daga juji, a tace da rariya a fitar da leda da gilashi da tsohon batir.

Mataki na biyar: fangali, lulluɓi da inuwa

Fangalin bazara ya zama mai zurfi, cikinsa ya yi ƙasa da hanya da kamar rabin taƙi, bakinsa a daddale. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne daidaito. A sako ruwa a tsaya a kalla: in ya taru a kusurwa ɗaya, can zai ruɓe, ɗaya gefen ya bushe. A ja ƙasa da manjagara har ruwan ya bazu gaba ɗaya.

Lulluɓe ƙasa shi ne aikin da ya fi kowane biyan wahalarsa a wannan lokaci. Tattakar shinkafa, buntu, ɓawon gyaɗa, busasshiyar ciyawa, ganyen darbejiya, duk suna yi. Kauri yatsa uku zuwa huɗu, a kan ƙasar da ta riga ta jiƙe, a bar tazarar yatsa huɗu daga gindin shuka don kada ya ruɓe. Da azahar a cusa hannu ƙarƙashin lulluɓin, a kuma taɓa ƙasar da ke fili, bambancin ya isa hujja. Gaskiya ne lulluɓi na kiran gara. Amma gara ta fi son busasshen abu, kuma shukar da ƙishi ya galabaitar ita ta fi kamawa. In ta yi yawa a rage kaurin, a yawaita ganyen darbejiya a ciki, a nemo shurin a tone.

Ranar yamma ta fi ta safe mugunta. A kafa zana ko darni a gefen yamma, tsayin ƙirji. Ganye irin su alayyafo ana iya yi musu rumfa mai tsayin mita ɗaya, a jera kara jefi-jefi yadda rabin hasken zai ratsa. Rumfar da ta yi duhu tana sa tsiro ya yi tsawo siriri ya faɗi. Kuɓewa da kankana ba sa son rumfa sam.

Ban ruwa da sassafe ne ko bayan la'asar. Gara a ƙosar da fangali ruwa ya ratsa taƙi guda, da a riƙa jiƙa samansa sau uku, don yayyafi na sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi yake. A gwada da yatsa: in gaɓa biyu sun shiga an ji laima, a bari sai gobe. Mai lambun cikin gida da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ya gwada tulu. A samo tulun ƙasa da ba a shafe shi da komai ba, a binne har wuya, a cika, a rufe bakin da fai-fai ko murfi saboda sauro, a shuka kuɓewa ko attaruhu huɗu kewaye da shi, tazarar taƙi guda. Ruwan na tsattsafowa daidai yadda ƙasar ke bukata, sai a ƙara duk kwana biyu ko uku.

Mataki na shida: abin da ake shukawa yanzu

Kuɓewa ta ƙi sanyi, shi ya sa wadda aka shuka a Disamba ke tsugunawa. Daga tsakiyar Fabrairu ta samu lokacinta. A jiƙa irin ya kwana, wanda ya taso saman ruwa a zubar. Ƙwaya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa, taƙi biyu tsakanin rami da rami, taƙi uku tsakanin layi. Tana fitowa cikin kwana huɗu zuwa bakwai. Bayan mako biyu a cire a bar ɗaya ko biyu. Irin mai saurin nuna yana fara ba da 'ya'ya cikin kwana 45 zuwa 60, kuma sai ana tsinka duk kwana biyu, in aka bar ta ta ƙosa a jiki uwar na daina haihuwa.

Alayyafo shi ne kuɗin cefane na kusa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, rabin cokalin shayi ya ishi fangali, a gauraya da yashi cikin gwangwanin madara a yafa, a rufe da ƙasa sama-sama. Mako uku zuwa huɗu an fara tuga. A riƙa yafa sabon fangali duk kwana goma maimakon a zuba duka rana ɗaya. Lalo, wanda a Gana ake ce wa ayoyo, irinsa na da taurin kai: a ƙulle a tsumma, a tsoma a tafasasshen ruwa a ƙirga goma, a ciro a shanya a inuwa, a shuka washegari. In ba haka ba sai ya riƙa fitowa ɗaya-ɗaya har mutum ya fid da rai. Rama da yakuwa suna jure zafi, ba su da wani fi'ili.

Kankana na son wuri: mita biyu tsakanin layi, mita ɗaya tsakanin rami, a zuba taki cikin kwano guda a kowane rami. Irin su Sugar Baby da Kaolack suna nuna cikin kwana 75 zuwa 90, wadda aka shuka farkon Fabrairu za ta fito a tsakiyar zafi, lokacin da aka fi nemanta. A rage ruwa kwana goma kafin yanka, in ba haka ba za ta yi lami ko ta fashe. Kuma kada a yi feshi da safe lokacin da fure ke buɗe, ƙudan zuma ne ke ɗaura mata 'ya'ya.

Mataki na bakwai: ƙwarin zafi

Ƙura da bushewa su ne abin da jan gizo-gizo ke so. Ƙanƙane ne, sai an juya bayan ganye an ƙura ido. Alamarsa ganye ya yi ɗige-ɗigen fari, ya koma ruwan ƙasa, da 'yar saƙa siririya. A kaɗa ganyen a kan farar takarda, in an ga jan gari na motsi shi ne. A wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi sau biyu a mako. Yawancin magungunan kashe tsutsa ba sa kashe shi, sai ma su kashe ƙwarin da ke cin sa, ya ƙara yaɗuwa. Farin ƙuda da darɓa su ma yanzu suke tashe, kuma farin ƙuda ne ke ɗaukar cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir da kuɓewa. Itacen da ya riga ya nannaɗe ba ya warkewa, a tuge.

Ruwan darbejiya na taimakawa in an fara da wuri. A fasa busassun 'ya'yan a ɗauki ƙwayar ciki rabin kilo, a daka, a jiƙa a ruwa lita goma ya kwana, a tace da tsumma mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin famfon feshi, a narka ɗan sabulu kamar girman goro a zuba. A fesa da yamma, saman ganye da bayansa, a maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai. Rana na kashe ƙarfinsa, don haka ba a ajiye ragowa. Ba ya kashe ƙwaro nan take, yana hana shi ci da girma ne, kada a ce bai yi ba don an ga ƙwari washegari. Wanda ya koma ga maganin kanti ya karanta kwanakin jira kafin tsinka da ke jikin kwalbar. Fiya-fiya kam ba ta da hurumi a kan ganyen da za a ci bayan kwana biyu.

Mataki na takwas: itatuwa

Mangwaro na cikin fure ko ya fara ƙulla 'ya'ya, ba a sassabe shi yanzu, sai bayan an gama cin 'ya'yan. Idan 'ya'yan sun kai girman gurjiya a fara ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, a kwanon da aka zagaya daidai inda inuwar rassan ta tsaya, can saiwar sha take, ba jikin kututture ba. Wannan na rage zubewa, ko da yake wani kason dole ya zube. Lemo da gwaiba a cire busassun rassa da waɗanda suka harɗe, da duk tohon da ya fito ƙasa da inda aka yi aure, wato inda aka haɗa reshen irin da ake so da gindin wani itace, don shi na uwar gindi ne, zai shanye ƙarfin itacen ya ba da 'ya'yan banza. Zogalen da ya yi tsawo ya fi ƙarfin hannu a datse shi daidai ƙugu, a ba shi ruwa, zai yi toho da yawa.

Ramin sabon dashe a haƙa shi cikin Maris ko Afrilu, santimita 60 ta kowane gefe. Ƙasar sama gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A gauraya ta saman da taki bokiti biyu a mayar, a bar shi ya kwanta, dashen kansa sai damina ta zauna. Inda ƙasa ta zama faƙo, dabarar tassa ta manoman yankin Tawa na aiki ko a gefen lambu: ƙananan ramuka masu faɗin taƙi ɗaya da rabi, zurfin taƙi guda ko ƙasa da haka, a tara ƙasar a gefen gangare, a jefa taki cikin tafi biyu, su jira ruwan farko.

Mataki na tara: iri, reno da shinge

A ɗebi iri daga itacen da ya fi lafiya, daga 'ya'yan tsakiyar kaka, ba ragowar ƙarshe ba. Irin da aka rubuta F1 a jikin fakitinsa ba a ɗiba daga gare shi, 'ya'yansa ba sa kama da uwar. Na tumatir a matse a kofi a bar shi kwana biyu ya yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa. A zuba kowane iri a kwalba mai murfi da 'yar busasshiyar toka, a rubuta suna da wata, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rufin kwano. Tsohon iri a gwada shi kafin a dogara da shi: ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a duba bayan mako guda. Sha shida sun tsira, iri ne mai kyau. Goma zuwa sha biyar, a ƙara yawan abin da ake zubawa. Ƙasa da goma, a nemi wani. Irin albasa da na karas da latas su ne ke saurin mutuwa, da wuya su wuce shekara a zafinmu.

Attaruhu da tattasan damina ana lissafinsu ne daga baya. Attaruhu na ɗaukar kwana goma zuwa mako uku kafin ya tsira, sannan ya yi mako shida zuwa takwas a wurin reno. Mai son dashe a ƙarshen Yuni zai zuba iri daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, don haka ƙasar renon da rumfarta yanzu ake tanadarsu: kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi, a tace. Wurin renon nan a ɗaga shi sama da ƙasa taƙi guda, domin ruwan farko na iya riskar sa. A zuba iri a layi, tazarar yatsa huɗu, kada a cunkusa. Cunkoso da yawan ruwa ke sa gindin tsiro ya tsuke ya faɗi dare ɗaya. Mako guda kafin dashe a riƙa rage rumfar da ruwan don ya saba da rana.

Shinge kuma a bi shi taku-taku. Daga Maris daji ya bushe, lambu ne kaɗai kore a unguwa, kuma akuya ɗaya na iya share fangali biyar kafin a idar da sallar azahar. A toshe ƙasan darni da ƙaya, a canza dirkokin da gara ta ci, a share ciyawa taku uku kewaye da shi saboda gobara. Hadarin farko daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka a ƙara tokare wannan gefen, a sake ɗaure rumfuna. Cikin Mayu, kafin ruwa ya sauka, a buɗe magudanar da za ta fitar da ruwa daga lambun, fangalin da aka gama da su a tayar da su su koma kunya, saura kuma a fasa musu baki ta gefen gangare yadda ruwan sama ba zai kwana a ciki ba.